Ƙazafin da Aka Yi wa Baba Kafinta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina ɓoye magani a ƙarƙashin filo, na san halinta.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin tuna Baba Kafinta, dattijon nan Kirista da shagonsa ke manne da na maigidana tela? Wanda na taɓa ɗinke wa ƙafar wando, nake kuma saka wa ƙadangare a akwatin ƙusoshi? To, so ake a kore shi daga layinmu. Mai walda ne ya ƙyalla ido a kan shagon, yana son faɗaɗa nasa. Ya bi shago-shago yana cewa wai Baba yana hure wa yara kunne su bar addininsu. Jiya aka shafe wa Baba ƙofa da baƙin mai. Masu shan ruwan randarsa kullum, yanzu ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Ranar Asabar mai shagunan zai zo ya yanke hukunci.

Na ce Baba ya bar ni da mai walda, ina da dabarar da za ta hana shi zama a kujera. Ya ƙi. Wai ya kai ƙara wurin Ubangiji, kuma Yesu ma an yi masa ƙazafi. Sai ya durƙusa cikin garin katako yana roƙon Allah ya kuɓutar da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, har mai walda ya sa a addu'ar, wai Allah ya buɗa masa. Mutumin da ke neman raba shi da abincinsa.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Fitina

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan Inna ta samu sauƙi, ga yadda Asabar ta kasance.

Mai walda ya yi ta zuba har bakinsa ya yi kumfa. Mai shagunan ya ce a nuna masa yaro ɗaya da aka yi wa wa'azin. Kowa ya sunkuyar da kai, har maigidana, wanda Baba ya gyara wa tebur kyauta. Kunya ta kama ni a madadinsu. Na miƙe na ce ba wanda ya kai ni zama a ƙofar Baba, kuma wa'azin da ya taɓa yi mini ɗaya ne: in an kira salla ina surutu, ya ɗauki guntun katako ya kora ni masallaci. Aka kwashe da dariya. Sai mai faci ya ce shi ma Baba ya taɓa kora shi masallaci. Mai shagunan ya ce Baba yana nan daram.

Maigidana ya daina yi mini magana, wai na kunyata manya. Su da suka kunyata kansu.

Yanzu Baba yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ya roƙi Ubangiji mai ceto, yana sa ran mala'ika, sai aka aiko masa Fitina. Ni, da sai an yayyafa mini ruwa nake tashi asuba! Don kada ya saba, yau da safe na mayar masa da ƙadangarensa cikin akwatin. Ya buɗe, ya dube shi, ya ce ƙadangaren ma Allah ya yi masa albarka.

Ki gaishe da Inna da yara.

Ƙaninki,
Fitina