Ɓerayen Gidan Dirkoki

Zuwa ga ƙanwata Bunrye,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar? Yaya iskar tekunku ta Busan? Na rubuto ne saboda kunnen nan naki ba ya jin waya, sai in yi ta ihu maƙwabta suna kwasar labari.

'Yata Yonsil ta buɗe shagon gahawa a Gidan Dirkoki. E, shi dai, na bakin rafi, wanda bayansa ke tsaye kan katakai. A ɗakin sama take kwana. Rabon da in ga dariyarta haka tun kafin rasuwar mijinta.

Ni kam da na shiga sai gabana ya faɗi. Inda ta ajiye injin gahawarta, nan muke layin shinkafar kamfanin kwal muna yara, kina riƙe da siket ɗina kina kuka. Da kwal ya yi daraja aka mai da wurin gidan naman alade, maza su fito daga ramin kwal baƙi ƙirin, wai kitse ke wanke ƙurar maƙogwaro. Daga nan mai hoto ya karɓa, sai kantin magani, wanda na tari ya fi tafiya a cikinsa. Na ƙarshe kafin a rufe ramin kwal, likkafani yake sayarwa. Gidan nan bin mazan garin nan yake, duk halin da suka shiga shi ma sai ya shiga. Yanzu 'yan birnin Seoul ke zuwa su ɗora hular rami a ka su ɗauki hoto.

Shekaranjiya wata baƙuwa ta ga ɓera ta kwarma ihu, Yonsil ta je ta sayo guba. Kin san maigidana, Baban Yonsil. Da ƙirjin nan nasa mai ƙugi ya taka har shagon.

"Anya ke 'yar mahaƙi ce?" in ji shi. "A rami tare muke cin abinci da su. Su ke fara jin ƙasa za ta zube. In sun gudu, mu bi bayansu. Tsohon rami yana ƙarƙashin gidan nan, masu gadinki za ki kashe?"

Ta ce, "Baba, masu gadin naka sun gama da buhun fulawa. In 'yan duba-gari suka gan su, rufe ni za a yi."

Ban ga laifinta ba, ban ga nasa ba. Ta dai zuba gubar.

Ki gaida kowa. Kifin da kika aiko ya iso, gishiri ya yi masa yawa.

Yayarki,
Malsun

*

Bunrye ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina fatan ruwan nan bai yi muku ɓarna ba. Mu nan tun shigowar damina bai ɗauke ba.

Babu ɓera ko ɗaya a Gidan Dirkoki. Yonsil na murna, babanta ya daina cin abinci. Ya bi lungu-lungu da sandarsa yana shinshina, bai ga mushe ba, bai ji wari ba. Ya ce mini, "Maman Yonsil, in guba ce ta kashe su, ina gawar? In kuma tafiya suka yi, wa ya kore su?" Abin da ke cinsa ke nan. Da ba a zuba gubar ba, da mun san abin da tafiyarsu ke nufi. Yanzu ba wanda ya sani.

Ƙofar kicin ta daina rufuwa. Yonsil ta ce damina ce ta kumbura katako. Jiya ina zaune na ga kofi yana tafiya da kansa a kan tebur, a hankali, wajen rafi. Ta tare shi da hannu ta ci gaba da magana kamar ba ta gani ba. Ta kira magina su zo su duba, sun ce sai ruwa ya ɗauke. Rufewa kuwa ba za ta yi ba, don yanzu ne hutu, yanzu ne baƙi.

Shi ne tsohon ya naɗe tabarmarsa ya tare a ɗakin ajiya na ƙasan shagon, wajen dirkokin. Wai katako yana kuka kafin ya karye, kuma kunnensa bai manta ba. Na ce, "Kai da matakala ke ƙure maka numfashi, in ya yi kukan yaya za ka fito?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wa ya ce fitowa na je yi? An kori ɓeraye, ai sai a ɗauki sabo. Zan buga bututun ruwa, su ji a sama."

Kullum ni ke kai masa shinkafa da kimci, kabejin nan mai yaji. Tsoro nake ji, Bunrye, irin wanda na ɗauka na rabu da shi ranar da aka rufe rami.

Ki riƙa shafa maganin gwiwar.

Yayarki,
Malsun

*

Bunrye,

Ina fatan kuna lafiya.

Yau da tsakar rana shagon na cike, bututu ya ɗauki ƙara. Yonsil ta ce ba ta san lokacin da ta yar da faranti ba. Ta tunkuɗa mutane waje, har wata tana zaginta a kan jakarta da ta bari a ciki. Suna kaiwa titi, ɓangaren baya na gidan ya sulale cikin ƙasa. Ba ƙara mai yawa ma, in ji su. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Babanta yana ƙasa.

Masu ceto na haƙa. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo da shebur, an kore su sun ƙi tafiya. Yonsil na durƙushe cikin taɓo da kunnenta a jikin bututun, tana buga shi da cokali tana cewa, "Baba, kowa ya fita, ka ji? Kowa ya fita." Da farko yana amsawa. Zuwa la'asar sai an daɗe ake jin bugu ɗaya, kuma rafi yana ƙaruwa.

Na dawo gida ɗaukar masa busassun kaya. A bakin ƙofa na juya takalmansa na gida suna kallon ɗaki, yadda Inna ke yi wa na Baba in ya shiga rami, don ya dawo.

Ki hau jirgin farko. Kada ki ɗauko kayan makoki tukuna.

Yayarki,
Malsun