Kwana Huɗun da Kuka Ba Mijina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Sunana Rabi, daga wani ƙauye a karkarar Yekuwa. Ni ce matar Malam Isufu, wanda kuka kwantar bana da kaka saboda ciwon zuciya. Yanzu na fita takaba, bakina ya buɗe.

Na ɗaya. Ranar Talata da hantsi ya faɗi a gonar wake, dafe da ƙirji, gumi na zuba. Da amalanke muka kai shi bakin hanya, muka jira motar haya. Sai bayan la'asar muka iso wajenku. Wannan jinkirin namu ne, ban ɗora muku ba.

Na biyu. Lokotoron da ya duba shi mutumin kirki ne. Ya ce mun iso a makare, zuciyar ta jigata, ga ciwon suga, ga shekaru sun haura sittin. Ya ce mai irin wannan hali yakan daɗe a gado fiye da sauran, kada mu sa rai da gida kafin kwana goma.

Na uku. A kwana na huɗu lokotoro ya tafi taro. Ƙafafun mijina sun kumbura, numfashi ba ya yiwuwa sai a jingine. A haka majo, shugabar ɗakin, ta miƙo mini takardar sallama. Na durƙusa mata, ni da a haife na haife ta. Ta ce, "Inna, nan ba masaukin baƙi ba ne. Ki kai shi ya sha iskar ƙauye."

Na huɗu. Ban gama naɗe tabarma ba aka shimfiɗa sabon zane a gadon. Surukin majo ne ya hau, ya shigo da ƙafafunsa yana dariya a waya. Daga baya wata mai jinya 'yar garin Waca ta shaida mini sai da ya yi mako biyu. Ashe ba ciwo ke yanke kwanakin gado a wajenku ba, dangi ne.

Na biyar. Malam ya cika a mota kan hanyar gida, kansa bisa cinyata. Fasinjoji suka ce ba sa tafiya da gawa, direba ya sauke mu a gindin wani gawo. Na zauna ina kore masa ƙuda da gyalena har ƙanensa ya iso da amalanke.

Ga roƙona. A daina sallamar mai ciwon zuciya ba da sa hannun lokotoro ba. A tambayi majo dalilinta a gabana, ina so in ji da kunnena. Ta'aziyyarku kuwa ku riƙe abarku.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara girma. Ranar da naka ƙirjin ya riƙe, Allah ya haɗa ka da ma'aikata irin waɗanda ka horar.

Wassalam.

Rabi, matar marigayi Malam Isufu