Tsakuwar Kunnen Skrei

Litinin, 3 ga Maris

Daga makaranta sai bakin ruwa, kamar kullum. In tsire kan kifi a ƙusa, in yanke harshen, in jefa kan a kwando. Tun ina shekara takwas nake wannan aikin, yanzu ina sha bakwai. Hannuna ya san hanyarsa, ni ce ban san tawa ba.

Wata mata daga cibiyar binciken teku, Ragnhild, ta zo tana fasa kawunan skrei, babban kifin da ake kamawa a nan, tana ciro wata 'yar farar tsakuwa daga kunnensu. Wuƙarta sai zamewa take yi. Ƙawata Tuva ta ɗaga murya: "Baiwar Allah, kifin nan ya riga ya mutu, kada ki sake kashe shi. Miƙa wa Sunniva!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ciro goma kafin ta rubuta uku.

Laraba, 5 ga Maris

Ragnhild ta nuna mini tsakuwar a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Layi-layi ne kamar cikin itace, kowane layi shekara guda. Tara. Sha ɗaya. Goma. Duk tsofaffi.

Ban san ya fita daga bakina ba, na ce ai shekara biyu ke nan ban yanki ƙaramin harshe ba. Ta ajiye biro. "Sake faɗa."

Ta ba ni takarda. Sati shida a jirgin bincike idan an yi hutun bazara, na 'yan sakandare. Bayan an dawo, kowa zai tsaya gaban masu yanke kason kifin da kowane jirgi zai kama ya faɗi abin da ya gani. Sai uba ko uwa sun sa hannu. Ana rufewa Juma'a, 14 ga wata.

Baba ba zai yarda ba. Shekara uku a jere suna rage wa jirginsa kaso. "Masu ƙirga kifi daga kan kujera" yake ce musu.

Asabar, 8 ga Maris

Takardar na aljihun rigar ruwata. Har ta fara ƙarni.

Lahadi, 9 ga Maris

Kaka ta soya harsuna da dankali. Baba ya ɗaga ɗaya a cokali yana dariya: "Ku dubi girma! Wai kifi ya ƙare. Su zo su faɗa wa wannan." Kaka ta ce, "Oddvar, ci abinci, ba taron masunta muke ba."

Na san abin da girman nan yake nufi. Na haɗiye shi tare da dankalin.

Tsibirin nan hanya ɗaya ce da shi, dutse a baya, ruwa a gaba. Ko ta tagar ɗakina kifi nake gani, rataye a kan katako yana bushewa. Wani lokaci sai in ga kamar da ni aka rataye.

Talata, 11 ga Maris

Tuva ta ce, "Bebiya, kin nuna wa Babanki takardar?" Na ce ba zai yarda ba. Ta ce, "Shi ya faɗa, ko ke kika faɗa masa a ranki?"

Na ɓoye tsakuwa shida a gidan ashana. Ban san dalili ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na dawo na tarar da rigar ruwata a igiya, Kaka ta wanke. Takardar na kan tebur, gidan ashanar a buɗe, Baba da gilashin karatu a hanci.

Ya ɗaga tsakuwa ɗaya. "Mai wannan shekarunsa nawa?"

Na ce sha ɗaya.

"Wannan fa?"

Goma.

Ya ce, "'Yar nan, kina zaton ni makaho ne? Ni nake jawo su daga ruwa. Na fi ki sanin ƙanana sun ɓace. Amma in na faɗa da bakina, wa zai tsaya wa ƙananan jirage irin nawa?"

Na ce na san ba zai sa hannu ba, shi ya sa.

"Kin tambaye ni?"

Kaka daga kicin: "Ta tambayi bango dai."

Ya sa hannu. Ya danna biron har ya huda takardar. Ya ce, "Ba don na yarda da su ba. In kin tsaya gabansu, ki faɗi na tsakuwa, ki kuma faɗi na mutanen da ke ci daga ruwan nan. Da ƙarfi. Ba wannan muryar taki ta ɓera ba."

Na shiga ɗaki. Ya kamata in yi murna. Kwana takwas ina cewa Baba ne ya tare ƙofa. Ashe ba shi nake tsoro ba. Zauren masu yanke kason ne, da idanun mutane.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai wa Ragnhild takardar da safe, kafin in sami damar fasawa. Ta ga hujin, ta saka takardar a jaka.

Da la'asar a bakin ruwa, masunta biyar na tsaye, Baba ya cillo mini wani ƙaton kan kifi. "Malamar kifi, shekarunsa nawa?" Suka yi dariya. Na fasa, na duba a haske, na ce sha biyu, kuma rabona da ɗan shekara shida tun bara waccan.

Dariyar ta tsaya. Tuva ta ce har can ƙarshen gadar da jirage ke tsayawa an ji ni.

Ƙila iska ce ta kai.