Baba da Tiyon Ban-ruwa

Kura, daren Laraba, Janairun 1977

Barci ya ƙi zuwa. Jibi zan faɗa wa masu ba da bizar Jamus wadda nake so: ta koyon harshe, in yi shekara guda in dawo, ko ta digirin aikin gona, shekara biyar cur. Raina yana kan digirin. To amma wa zai ba tumatirin Baba ruwa? Tun da aka kawo mana kanal ɗin ban-ruwa bai taɓa iya tayar da tiyo ba, wai shi ruwan sama ya sani. Ni nake nutsa tiyon a kanal, in toshe bakinsa da tafin hannu, in fizgo, ruwa ya biyo zuwa gona.

Da safe na yi masa bayanin zaɓin nan biyu. Da la'asar na tarar da shi a bakin kanal, riga sharkaf, yana ta fizga, iska kawai ke fita. Na miƙa hannu, ya ture.

"Bari, Sani. Nuna min dai inda hannu yake zama. Shekara biyar ai ba a yin ta da roƙon maƙwabta."

Ni fa ban ce masa na zaɓi digirin ba.

Har magariba ruwan bai zo ba. Ya ce gobe da asuba mu koma.