Kun Ɗauki Ganyen, Kun Bar Sharaɗinsa

Zuwa ga Farfesa,
Shugaban masu binciken ganyen rai-ɗore,
Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Sunana Hadiza, malamar firamare a Mabera, ɗiyar Inna Tumba, tsohuwar da ɗalibanka biyu suka yi wa sallama daminar bara. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro. Shi ya sa na fito fili, ba don raini ba.

Na farko. Inna ba ta ɓoye musu komai ba. Ta nuna musu ganyen, da yadda take shanya shi a inuwa, da ɗan ludayin da take awo da shi. Sannan ta faɗi sharaɗin da ta gada wurin uwarta, ina zaune: ba a ba mai ciki, kuma in zazzaɓi ya kwana biyu ko ya dawo, a ajiye ƙoƙo a nufi asibiti. Tun tasowata ban taɓa ganin ta miƙa wa matar aure ƙullin ganyen nan ba sai ta ja ta ɗaki ta tambaye ta ko ta yi ɓatan wata. Ɗalibin da ke rubutu, da aka zo nan, sai ya rufe littafinsa yana duban agogo.

Na biyu. Da ruwan bana ya sauka muka ji ka a rediyo. Ka ce kun tatsi ruwan ganyen, kun ba ɓerayen da kuka sa wa zazzaɓi, jikinsu ya yi sanyi. Ka ambaci sunan Inna, mun gode. Sharaɗin kuwa ko kalma ɗaya. Ranka ya daɗe, ɓera ba ya sauraron rediyo, mu ke saurare. Ga rai-ɗore a kowane kango, wa zai sake takowa wurin tsohuwa bayan Farfesa ya yi magana?

Na uku, shi ne mai ɗacin. Maƙwabciyarmu Luba tana da cikin fari wata huɗu. Ka san kunyar cikin fari, ba za ta iya zama gaban Inna a yi mata waccan tambayar ba. Da zazzaɓi ya kama ta, sai ta tsinko ganyen da kanta, ta cika tukunya. Kwana biyar tana sha, zazzaɓin na sauka yana dawowa. Kafin a kai ta asibiti maleriya ta ci jikinta, cikin ya zube. Ban ce ganyen ne ba, ban ce jinkirin ne ba, rai na Allah ne. Amma duka biyun Inna ta hana.

Tun ranar Inna ta kife ludayinta, ko suna ba ta zuwa, don a unguwa cewa ake maganin Tumba ne ya zubar da cikin. Wallahi abin yana ci mini rai, kuma ina jin haushinku.

Roƙona, ka koma rediyon nan, ka faɗa da Hausa cewa gwajinku a kan ɓera ya tsaya, kuma sauke zafin jiki daban, kashe maleriya daban. Ka faɗi sharaɗin kamar yadda ka faɗi sunanta. Kada a jira, sauro ya yi yawa, ganyen kuma sai tofo yake yi.

Inna ta ce ita ba ta neman komai. Fatanta dai ɗalibin nan ya dawo da littafinsa, ta ƙarasa masa abin da bai rubuta ba tun tana da sauran numfashi.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa iliminka ya amfani bayinsa, ya ba Luba lafiya.

Wassalam,
Hadiza ɗiyar Tumba, Mabera.