Gideon Bai Jira Ni Ba

Washington, 9 ga Mayu, 1812

Zuwa ga matata Keturah,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya yara da mutanen ikkilisiyarmu? Ni lafiya lau, in ban da kewar Kentucky da ta hana ni sakat.

Takardarki ta iso jiya, a tsaye na karanta ta. Kin ce tarin ƙanena Gideon ya fara zuwa da jini, kuma ya nemi a yi masa baftisma, amma sai da hannuna. Shekara ashirin ina binsa da wa'azi yana ce mini, "Yaya, ka tsaya kan maganin zazzaɓi, shi ka iya." Yau ya neme ni, ga ni zaune a majalisa ana gardamar ko a yaƙi Ingila. Na so in taho, abokan aikina suka ce sai an jefa ƙuri'a. Wani wakilin Virginia har da tsokana, wai duk da likitancina, marasa lafiyata sun fi samun sauƙi in ba na nan.

Ki riƙa ba shi zuma da madara mai ɗumi, kada a yi masa ƙaho. Ki ce masa ya jira ni.

Mijinki,
Asahel

Washington, 21 ga Yuni, 1812

Keturah tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da matar Gideon da marayunsa. Yaya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da mu.

An jefa ƙuri'ar, za a yi yaƙi. Washegari takardarki ta same ni da labarin rasuwar Gideon. Na yi ta maimaita inda kika ce a kan kujera aka ɗauke shi zuwa rafi, dattijon ikkilisiya Lemuel ya nitsar da shi a ruwan baftisma, kuma sai da Gideon ya sa aka dakata, ya daɗe yana kallon hanya tukuna ya yarda.

Ba ni da haushin Lemuel, ya kyauta. Amma ni na koya wa yaron nan iyo a rafin, Keturah.

Gobe zan kama hanya, kuma ba zan sake tsayawa zaɓe ba. Kafin in iso, ki tambayi Lemuel ko ruwan yana da sanyi ranar, da abin da Gideon ya faɗa da aka ɗago shi. Kada ki rage mini ko kalma ɗaya.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki har kullum,
Asahel Prewitt