Gadar da Nay Yi wa Akwatin Sakinatu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Ɗiyata Sakinatu ta cika man shago da tarkace. Wai akwati take haɗawa mai tada injin ban ruwa da kanshi in gonar shinkafa ta bushe. Shekara talatin ina gyaran rediyo nan Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, aji huɗu na furamare nat tsaya, yau ga injiniya ta fito daga gidana tana ce man in matsa.

Laraba, 9 ga Afrilu
Ta nuna man wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake. Shi ke rabon wuta: ƙwaƙwalwar akwatin ta samu uku da ɗigo uku, mai shinshinar ruwa ɗaya da ɗigo takwas. Da kwamfuta take rubuta mashi adadin. Nic ce, "Wuta ma sai an auna ta da cokali kamar maganin tari?" Yari mai walda sai da ya riƙe ciki. Ita ba ta yi dariya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Da injin ya tashi sai akwatin ya mutu, ya farfaɗo, ya mutu. Nic ce yunwa yake ji, a ƙara mashi wuta. "Baba, don Allah kar ka taɓa. Jeren kunnawa ne ban daidaita ba." Jeren kunnawa! Na sa mata suna Hajiya Ɗigo Uku, duk layinmu sun ɗauka.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Gobe manoman Argungu za su gani. In ya yi, su sa shi gonakinsu, su ɗauke ta aiki. Ta rufe akwatin ta tafi taya uwarta tuwo. Na buɗe, na ɗauko ɗan guntun waya, na liƙa shi da dalma, na yi gada daga batir kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwar, na tsallake ƙwayar waken nan mai rowa. Haka nike yi wa rediyo in ta raina ni. Gobe ta gode man.

Litinin, 14 ga Afrilu
Argungu, bakin fadama, mutum ya fi arba'in. Ta haɗa batir. Ƙyas. Hayaƙi siriri da warin roba.
Alhaji Tamba, shugaban manoman, yac ce, "Malam Abdussamadu, mi ya faru?"
Nic ce, "Boko ne ya dahu, Alhaji, a sauke." Anka kwashe da dariya. Na ƙara da cewa tuwonta ma haka take ƙona shi. Sunka ƙara.
Da sunka watse cin abinci na tsinke gadar, na jefa aljihu.

Talata, 15 ga Afrilu
Ashe tun Lahadi da safe ta gyara matsalar da kwamfutarta. Uwarta ta faɗa man. To.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Kwana uku tana bin adadin nan layi-layi, tana neman inda ta yi kuskure. Ba ta cin abinci. Tac ce, "Baba, ko dai ban iya ba ne?" Nic ce, "Ai ɗinki ma sana'a ce." Bakina ya riga ni, kamar kullum.

Litinin, 21 ga Afrilu
Guntun wayar nan na gadar tana aljihun rigata. An wanke rigar, na ciro ta, na maida cikin wata.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Sabuwar ƙwaƙwalwa, madadin wadda ta ƙone, ta iso daga Kano. Alhaji Tamba ya yarda ta sake gwadawa, sau ɗaya. Kafin masallaci na aje guntun wayar bisa teburinta, nic ce na tsinta ne ƙasa. Ba ta ko ɗaga kai ba.
"Na ga dalmar tun ran Asabar da ta wuce, Baba. Duk Birnin Kebbi kai ɗai ke ɗiga ta kamar kashin akuya."
Na jira ta yi dariya in samu wurin tsayawa. Ba ta yi ba. Ta miƙo man mitar auna wuta, tac ce in riƙe jan bakin wayarta, in karanta mata.
Uku da ɗigo uku.
Yari ya leƙo yana kiran Hajiya Ɗigo Uku. Nic ce ya tafi walda tai, aiki muke.
Ta sayi kwaɗo ta sa wa akwatin. Makulli ɗaya ne.